Ciwon Hantar Da Ke Farawa Da Ƙaiƙayi

Idan aka ambaci ciwon hanta a ƙasar Hausa, hankalin mutane wuri biyu yake tafiya. Tsofaffi su ce shawara ce, a nemo saiwar rawaya a jiƙa. Masu ilimin zamani su ce a je asibiti a yi gwajin ciwon hanta nau'in B. Kowanne yana da hujjarsa. Binciken da gwamnatin Najeriya ta gudanar a 2018, wanda aka fi sani da NAIIS, ya nuna cewa kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma suna da nau'in C. Miliyoyin mutane ke nan, saboda haka likitan da ya fara zargin B kafin komai bai yi laifi ba.

Damuwata tana kan abin da ke biyo bayan gwajin. Sakamako ya fito, babu B, babu C, maras lafiya kuma bai taɓa shan giya ba. Sai a yi hamdala, a ce hanta kalau take, a koma neman dalili a wani wuri. Ta wannan ƙofa wani rukuni na cututtukan hanta ke sulalewa ba a gan shi ba. Cututtuka ne da ke farawa daga hanyoyin da ruwan maɗaciya ke bi, su shafe shekaru suna cin hanta a hankali har ta ƙandare. Waɗanda suka fi shan wahalarsu kuwa su ne mutane biyu da ba a cika sauraron kukansu ba: matar da ta haura shekara arba'in, da jaririn da bai cika wata biyu ba.

Hanta ce ke yin ruwan maɗaciya, dare da rana, abin da ya kai rabin lita zuwa lita guda kullum a jikin babban mutum. Maɗaciyar nan da mahauci ke lallaɓawa ya cire don kada ta fashe ta ɓata nama, ma'ajiya ce kawai. Ruwan yana narkar da maiƙon abinci a hanji, jiki ya samu ya sha shi tare da bitamin A, D, E da K, waɗanda ba sa shiga jini sai da rakiyar maiƙo. Sannan yana fitar da shara, musamman bilirubin, wani sinadari mai launin rawaya da ke samuwa idan tsofaffin ƙwayoyin jini suka ruguje. Shi ne ke ba bayan gida launinsa. Daga inda aka yi ruwan zuwa hanji, yana bin ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani, su haɗu su zama matsakaita, su ma su haɗu su zama babbar hanya guda da ke zuba a farkon hanji. Tsarin ya yi kama da magudanan ruwan unguwa, inda kwatar kowane gida ke zuba a ta lungu, ta lungu ta zuba a babbar lambatu. Duk inda aka samu toshewa, ruwa zai koma baya ya kwanta a gindin katanga, ya yi ta jiƙa ta har ta fara zubewa. Ruwan maɗaciya yana da kaifi. Idan ya kwanta a cikin hanta yana kashe ƙwayoyinta, jiki ya cike gurbin da tabo, tabo ya hau kan tabo, har naman hanta mai laushi ya koma mai tauri da ƙulle-ƙulle. Wannan shi ne ƙandarewar hanta, kuma idan ta kai nan da wuya ta koma yadda take.

Toshewar iri biyu ce. Ko dai wani abu ya tare babbar hanyar, kamar tsakuwa ko ƙari ko tsukewa bayan tiyata. Ko kuma ƙananan hanyoyin cikin hanta su riƙa lalacewa suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya alhali babbar hanya a buɗe take. Cikin wannan na biyun akwai cutar da likitoci ke kira PBC, kuma a kanta zan fi tsayawa, domin ita ta fi iya ɓuya.

A PBC garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta yaƙi fatar da ta shimfiɗe cikin ƙananan hanyoyin maɗaciya. Ba a ɗaukar cutar daga wani, ba a yaɗa ta ta jini ko kwanciyar aure ko cin abinci a kwano ɗaya, kuma ba ta da alaƙa da giya. Na jaddada wannan ne saboda a wurinmu, da zarar an ce mace tana da ciwon hanta, sai a ware mata kofi da cokali, wani lokaci ma auren ya fara rawa. Kimanin tara cikin kowane goma na masu PBC mata ne, galibi 'yan shekara 40 zuwa 60. Akwai hannun gado a ciki. Wani bincike da aka wallafa a 2004 ya duba tagwaye masu kama ɗaya guda takwas inda ɗaya ke da cutar, aka tarar a biyar daga ciki ɗayar ma tana da ita, alhali a tagwayen da ba su yi kama ba ba a samu ko ɗaya ba. Amma gado shi kaɗai bai isa ba, sai wani abu ya tayar da shi. Bincike ya nuna cutar ta fi yawa ga masu shan taba da matan da ke yawan samun ciwon sanyin mafitsara.

Tarihinta ya daɗe. Likitoci biyu na asibitin Guy's da ke Landan, Thomas Addison da William Gull, su suka fara bayyana ta a 1851, kuma ta fata suka gano ta: mata masu shawarar da ba ta warkewa, da wasu tabbai masu launin rawaya a fatar ido. Victor Hanot na Faransa ya ƙara bayani a 1876. Duk waɗanda likitocin wancan zamani suka gani sun riga sun kai ƙarshen cutar, shi ya sa sunan da aka raɗa mata a 1950 ya ƙunshi ƙandarewar hanta. Al'amari ya canza a 1965, lokacin da Sheila Sherlock, Deborah Doniach, Ivan Roitt da Geoffrey Walker suka gano a Landan cewa jinin masu cutar yana ɗauke da wani sinadarin garkuwa na musamman da ake kira AMA. Ana samunsa a jinin kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari na masu PBC. Daga nan aka fara kama cutar tun kafin ta yi ɓarna, har ta kai yau a Turai da Amurka fiye da rabin waɗanda ake ganowa ba su da wata alama ko kaɗan, gwajin jini na yau da kullum ne ya tona. A 2015 ƙungiyoyin likitocin hanta, bisa matsin lambar marasa lafiyar kansu, suka cire ƙandarewa daga sunan, suka maye gurbinsa da kumburin hanyoyin maɗaciya, domin yawancin masu cutar hantarsu ba ta ƙandare ba, kuma da magani da yawansu ba za ta taɓa ƙandarewa ba.

Ina tsoron mu a nan har yanzu muna inda Addison da Gull suka tsaya: sai ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, sannan a san da akwai cuta.

Dalili kuwa shi ne alamomin farko biyu ne, kuma dukansu irin waɗanda muke rainawa ne a bakin mace. Ta farko gajiya. Ba irin gajiyar da barci ke maganinta ba. Mace ta kwana ta tashi jiki kamar an yi mata duka, ta kasa gama abin da ta saba gamawa kafin azahar, ga mantuwa da rashin tattara hankali. Matar da ta haifi bakwai ko takwas, tana kula da gida da sana'a, ta zo ta ce ta gaji, wa zai yi mamaki? Za a ce girma ne ya zo, ko al'ada ce ke shirin ɗaukewa, ko ƙarancin jini, a sayo mata maganin ƙarin jini. Idan ta yawaita faɗa a ce son jiki ne.

Ta biyu ƙaiƙayi, kuma yana da siffar da ya kamata kowane ma'aikacin lafiya ya haddace. Babu ƙuraje. Fata lafiya lau, in ban da sawun farce da mai ciwon ta yi wa kanta. Ya fi tsanani da dare da lokacin zafi, yakan fi kama tafin hannu da tafin ƙafa, kuma susa ba ta kwantar da shi. Akwai matan da ke kwana suna susa da matsefi ko dutsen goge kaushi har jini ya fito. Yana iya riga shawara zuwa da watanni ko shekaru. A kemis za a ce borin jini ne a ba da Piriton, wanda ba ya yi wa irin wannan ƙaiƙayi komai sai dai ya sa barci. A gida za a ce ƙazuwa ce, ko sabulu ne bai karɓe ta ba, ko man shafawa. Wanda ya tuna zamanin kulorakwin zai ce maganin zazzaɓi ne. A canza sabulu, a dafa ganye a yi wanka, shekara ta zagayo, hanyoyin maɗaciya kuwa suna ci gaba da ɓacewa. Wasu matan ƙaiƙayin yakan fara musu ne a watannin ƙarshe na juna biyu. Akwai wata tsayawar ruwan maɗaciya da ciki ke kawowa, wadda ke wucewa bayan haihuwa amma take da haɗari ga ɗan da ke ciki. Ita kanta dalili ce ta zuwa asibiti. Idan kuwa an haihu ƙaiƙayin bai tafi ba, to akwai abin bincike.

Sauran alamomin sukan zo tare ko daga baya: bushewar ido da baki, duhun fata wanda a jikin baƙar fata ba kowa zai lura ba, tabbai masu launin rawaya a fatar ido saboda kitse ya taru a jini, matsalar halittar tayirod da ke wuya, da raunin ƙashi har ƙaramar faɗuwa ta kawo karaya. Idan aka kai ga ido rawaya, fitsari kamar ruwan shayi, bayan gida fari-fari mai maiƙo, saifa ta kumbura, ruwa ya taru a ciki, ko aman jini saboda jijiyoyin maƙoshi sun kumbura sun fashe, to cutar ta yi nisa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mabuɗin gano cutar yana cikin takardar gwajin da ake yi kullum a asibitocinmu. Gwajin aikin hanta yana da layuka da dama. Biyu daga ciki, ALT da AST, suna hawa idan ƙwayoyin hanta ne suka ji rauni, kamar yadda ake gani a nau'in B. Wani layin, ALP, yana hawa idan matsalar ta hanyoyin maɗaciya ce. A farkon PBC, ALT da AST kan ɗan motsa kaɗan ko su tsaya daidai, bilirubin daidai, ALP kuwa ya ninka biyu ko uku ko fiye. Idon da aka horar a kan nau'in B zai duba layukan farko, ya ga babu tashin hankali, ya wuce. Gaskiya ne ƙashi ma yana fitar da ALP, haka mahaifa lokacin juna biyu, amma ana rarrabewa da wani gwajin mai sauƙi, GGT: idan su biyun sun hau tare, daga hanta ne.

Wani tarkon kuma shi ne sikanin. Daidai ne a yi shi, domin a tabbatar babu tsakuwa ko ƙari a babbar hanya. Sai dai hanyoyin da PBC ke ci sun yi ƙanƙantar da na'urar ba ta ganinsu, don haka a farkon cutar hoton zai fito kalau. Mutanenmu kuwa sun ba sikanin amana fiye da kowane gwaji. In ya ce babu komai, magana ta ƙare. Alhali ALP mai hawa tare da sikanin mai kyau shi ne ainihin abin da ya kamata ya sa likita ya nemi gwajin AMA. Idan ALP ya daɗe a sama kuma AMA ya fito, an gano cutar ke nan, ba sai an tsaga an ɗebo naman hanta ba. Sai in AMA bai fito ba kuma zargi yana nan ake buƙatar ɗebo ɗan naman da allura a duba.

Za a ce mini wannan cutar Turawa ce. Littattafan likitanci sun daɗe suna nuna haka, kuma gaskiya ne an fi samun rahotonta daga arewacin Turai da Amurka. A arewa maso gabashin Ingila, yankin Newcastle, an shafe shekaru ana ƙirga masu ita. A wata gunduma ta jihar Minnesota a Amurka an samu kimanin mutum 40 cikin kowane 100,000. Kuma ƙiyasin da aka saba ambata shi ne mace ɗaya cikin dubu daga waɗanda suka haura arba'in. Daga Afirka kudu da Sahara rahotannin 'yan kaɗan ne. Amma a duba inda alƙaluman suka fi yawa: wurare ne da kowace mace ke da likitan da ke auna jininta a kai a kai, kuma gwajin AMA yana kusa. An taɓa ɗaukar cutar a matsayin baƙuwa a Sin, yau kuwa da gwaji ya yaɗu ana samun ta da yawa a can. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna baƙaƙen fata suna kamuwa, kuma sau da yawa sai ta yi tsanani ake gano tasu. Yana yiwuwa a nan ba ta kai yawan Ingila ba. Amma wanda bai nema ba ba shi da bakin cewa babu. Matar da ta mutu da kumburin ciki da aman jini a ƙauye, ko ma a gadon asibiti, ana rubuta ƙandarewar hanta a rufe fayil. Idan ba ta da B ko C, sai a jingina abin ga tsargiya ko maganin gargajiya ko gurɓatacciyar gyaɗa, waɗanda duk suna nan kuma suna ɓarna, amma babu wanda ya tambaya ko shekara goma da suka wuce tana kwana tana susa.

Da a ce babu magani, da sai a ce gano cutar ƙarin baƙin ciki ne kawai. Akwai magani, kuma tsoho ne. Sunansa ursodeoxycholic acid, likitoci suna taƙaita shi UDCA. Wani masani ɗan Japan ya ware shi daga maɗaciyar beyar a 1927, dabbar da masu maganin gargajiyar Sin suka daɗe suna amfani da maɗaciyarta. Yanzu a masana'anta ake haɗa shi. Shi kansa wani nau'i ne na sinadaran ruwan maɗaciya, amma maras kaifi. Idan ana shansa kullum yana maye gurbin masu kaifin, ya sa ruwan ya fi gudana, ya kare hanyoyin da suka rage. Raoul Poupon da abokan aikinsa a Paris su suka nuna amfaninsa ga PBC a 1987, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1997. Ana auna shi da nauyin jiki, miligiram 13 zuwa 15 ga kowane kilo a rana, wato mace mai kilo 60 za ta sha tsakanin 780 da 900 kullum. Wadda aka fara ba ta da wuri kuma jikinta ya karɓa, tsawon rayuwarta yakan yi kusa da na sa'o'inta masu lafiya. Cututtukan hanta kaɗan ne za a iya faɗin haka a kansu.

Amma akwai sharuɗɗa, kuma a nan al'adarmu ta shan magani take cin karo da cutar. Har abada ake shansa. Mu kuwa mun saba da maganin kwana uku ko mako guda. Da jiki ya yi sauƙi ko kuɗi ya ƙare sai a ajiye. Sannan UDCA yana gyara sakamakon jini ya kare hanta, amma sau da yawa ba ya taɓa gajiyar, ƙaiƙayin ma ba lallai ya kwanta ba. Matar da ta sha wata uku tana nan tana susa za ta ce bai yi aiki ba ta bari, sai fa in an zaunar da ita tun farko an yi mata bayani. Shi ƙaiƙayin maganinsa daban. Akwai wani gari, cholestyramine, da ke kama sinadaran maɗaciya a hanji, amma dole a raba shi da sauran magunguna da awa huɗu, in ba haka ba ya kama su su ma. Akwai rifampicin, wanda muka sani a maganin tarin fuka. Yana aiki sosai, sai dai shi kansa yana iya taɓa hanta, kuma a ƙasar da tarin fuka ya yi yawa kamar tamu, shansa barkatai yana iya koya wa ƙwayar tarin bijire masa. Wannan ba maganin da za a saya a kemis don an ji labari ba ne.

Kimanin kashi ɗaya cikin uku na marasa lafiya UDCA ba ya isar su, kuma ana gane haka ne idan aka sake auna ALP bayan shekara guda. Domin su ne aka yi ta neman magani na biyu. Obeticholic acid ya samu izini a 2016 da babban fata, amma Tarayyar Turai ta soke izininsa a 2024, aka kuma janye shi daga kasuwar Amurka a 2025. Wasu biyu sababbi, elafibranor da seladelpar, sun samu izini a Amurka a 2024, da tsadar da ta fi ƙarfin kusan kowa a nan. Wanda ya fi dacewa da halinmu a ganina shi ne bezafibrate, tsohon maganin rage kitse a jini. A wani gwaji na mutum 100 da aka yi a Faransa aka wallafa a 2018, kashi 31 cikin ɗari na waɗanda aka ƙara wa shi a kan UDCA jininsu ya koma daidai gaba ɗaya bayan shekara biyu, a rukunin da ba a ƙara wa shi ba kuwa babu ko mutum guda. Ƙaiƙayi ma ya ragu. Idan duk wannan ya gaza, saura dashen hanta, wanda masu hali a cikinmu kan nemo a Indiya ko Masar da kuɗin da zai sayi gidaje. Duk wanda ya auna kuɗin dashe da kuɗin gwajin ALP da ƙwayar UDCA zai ga inda ya kamata ƙaramin kuɗin lafiyarmu ya tafi. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan Najeriya, kuma irin wannan magani na kullum, wanda ke hana babbar asara a gaba, shi ne ya kamata tsarin ya fara ɗauka.

Game da jiƙe-jiƙe ba zan yi dogon bayani ba. Ban raina masu maganin gargajiya ba, ga shi ma UDCA daga can ya samo asali. Amma an auna shi, an san nawa ne ke amfani. Hantar da ruwa ya riga ya kwanta a cikinta ba ta iya fitar da abin da aka ɗura mata yadda mai lafiya za ta yi, kuma ruwan jarka wanda ba a san abin da ke ciki ba yana iya ƙarasa ta.

Ɗaya nau'in, na toshewar babbar hanya, ya fi sauƙin ganewa domin sikanin yana nuna hanyoyin sun buɗe sun kumbura, kuma in an cire abin da ya tare da wuri hanta tana farfaɗowa. Mu nan muna da dalili na musamman na kula da shi saboda sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, ana haifar kimanin jarirai 150,000 da ita duk shekara. Jininsu yana saurin rugujewa, bilirubin ya yi yawa, ya dunƙule ya zama tsakuwa a maɗaciya tun suna yara. Da yake an saba ganin idonsu rawaya kuma an saba da ciwon cikinsu, tsakuwar da ta gangaro ta toshe hanya tana iya daɗewa ana cewa sikilar ce ta motsa. Rawayar da ta ƙaru fiye da yadda aka saba, tare da ƙaiƙayi, farin bayan gida ko zazzaɓi mai sa rawar ɗari, tana buƙatar sikanin a ranar.

Sai jarirai, inda lissafin ba na shekaru ba ne, na kwanaki ne. Akwai jariran da hanyoyin maɗaciyarsu na wajen hanta ke toshewa su shafe a makonnin farko na rayuwa. A Turai ana samun ɗaya cikin haihuwa 15,000 zuwa 20,000, a gabashin Asiya ya fi haka yawa. Najeriya tana haihuwar jarirai sama da miliyan bakwai a shekara, don haka ko da ma'aunin Turai aka ɗauka, lissafi ya ba da jarirai 350 zuwa sama da 450 duk shekara. Idan ba a yi komai ba hanta tana ƙandarewa cikin watanni, kuma yawancinsu ba sa wuce shekara biyu. Wani likitan tiyata ɗan Japan, Morio Kasai, ya ƙirƙiro aikin da ake yi tun shekarun 1950: a cire hanyar da ta mutu, a ɗinka hanji kai tsaye a ƙofar hanta ruwan ya samu mafita. Aikin ya fi yin nasara idan an yi shi kafin jariri ya cika kwana 60, bayan kwana 90 kuwa nasarar tana raguwa ƙwarai. Likitocin tiyatar yara a asibitocin koyarwa na Najeriya, har da na Zariya, sun sha rubuta cewa yawancin jariran sai bayan wannan lokaci ake kawo su.

Ba abin mamaki ba ne. Shawarar jarirai abu ne da kowace kaka ta gani sau da yawa, kuma yawancinta tana wucewa cikin mako biyu. Jaririn da ke da wannan toshewa kuma da farko yana shan nono, yana ƙiba, babu alamar ciwo. Uwa tana ɗakin jego, wataƙila ma ta tafi gidan iyayenta wanka, ba za ta fita ba sai an yi arba'in. Ana shanya yaro a hantsi, ana ɗura masa ruwan jiƙo, ana jira rawayar ta wuce. Ranar da aka gama arba'in saura kwana ashirin kacal. Alamar kuwa tana cikin tsumman da ake wankewa kullum: kashin jariri mai lafiya rawaya ne ko kore, na wannan kuwa fari-fari ne kamar farar ƙasa, fitsarinsa kuma yana rina tsumma. Duk jaririn da idonsa ke rawaya bayan kwana 14 yana buƙatar gwajin jini da zai rarrabe nau'in bilirubin ɗin, ko da kuwa yana wasa yana dariya.

Taiwan ta magance jinkirin da abu mai arha. Tun 2004 ake ba kowace mai jego kati mai hotunan launukan kashin jarirai, masu kyau da masu haɗari, da lambar da za ta kira. Adadin jariran da aka yi wa aiki kafin kwana 60 ya ƙaru, waɗanda suka rayu da hantarsu ma suka ƙaru. Japan ta sa irin katin a littafin lafiyar uwa da yaro a faɗin ƙasar a 2012. Kati ne na launuka, ba ya buƙatar uwa ta iya karatun boko. Muna da katin rigakafi da ke shiga hannun miliyoyin iyaye mata, muna da ungozomomi da ke shiga ɗakin jego tun ranar haihuwa, muna kuma da allurar mako shida, wadda ke faɗowa a rana ta 42, kwana biyu bayan arba'in. Ma'aikaciyar da ke riƙe da cinyar jariri a wannan rana tana iya buɗe idonsa ta duba, ta nuna wa uwa katin ta tambaye ta wane launi take gani a tsumma. Idan uwar ta nuna fari, a rubuta takardar tura su asibitin koyarwa mafi kusa, Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, a ranar, domin kwana 18 ne suka rage a yi gwaje-gwaje, a nemo jini, a shiga da yaron ɗakin tiyata.